Yadda Tima Take Shan Shayi

Tun da na dawo daga Damargu ba a bar ni na sheƙa shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya zauna a benci ya ce, "Baffa Ɗanlami, yaya ƙasar Buzaye?" Kafin in buɗe baki wancan ya ce in ƙara masa sukari, in na dawo kan labari kuma sai wani sabo ya zo ya ce a koma farko. To, na gaji. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai dai ya sha shayinsa da sanyi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai teburin shayin da ke bakin hanyar da ta ratsa ƙauyenmu daga Bici zuwa Watari. A nan na yi ƙuruciya, a nan furfura ta same ni. Ba yabon kai ba, amma babu bakin da ke zama a bencina da ban san abin da yake so ba. Liman baƙi yake sha, da kanumfari da zuma. Ɗan'asabe direba sai an zuba masa madara har cokali ya kusa tsayawa. Malam Garba mai tumatir ya ce citta ta yi ta ƙona shi har wuya, in ba haka ba wai ruwan wanke kwano na ba shi. Samari kuwa nasu mai sauƙi ne, a cika kofi, a soya ƙwai, magana ta ƙare.

Abin da ya fitar da ni daga garin nan Habibu ne, ɗan yayana marigayi, wanda na riƙa tun yana rarrafe. Kun san Agali, Buzun da ya daɗe yana gadin injinan ban ruwa a gonakin Watari. 'Yarsa Fatimatu, wadda muke kira Tima, a gabanmu ta girma, da 'ya'yanmu ta yi Islamiyya, Hausarta ta fi tawa gyara. Da gwiwa ta fara ba Agali matsala sai ya kwashe iyalinsa ya koma gida, can gaba da Tanut. Tun daga nan Habibu ya lalace mini. Yaron da ke cinye malmala uku ya koma tsakurar abinci. An nuna masa 'yan mata a ƙauyen nan har an gaji, ko ɗaga kai ba ya yi. Na kira Agali a waya, ya ce, "Ɗanlami, maganar aure ba ta shiga waya. Ku zo." Ranar da zan tashi Habibu ya raka ni bakin hanya, bai ce komai ba sai, "Baffa, kai kaɗai nake da shi." Na ce masa ya je ya shayar da tumatirinsa, ni ban taɓa zuwa neman abu na dawo hannu rabbana ba.

Abokin tafiyata Alhaji Isyaku ne, dillalin wake a Dawanau, mutum mai zaƙin baki wanda zai iya sayar maka da buhun da kai ka kawo kasuwa. Shi ya san hanya, ni na san abin da zan faɗa. Muka ɗauki huhun goro da turmin atamfa, muka shiga mota ta Kazaure zuwa Daura.

A motar aka matse ni da wata Hajiya mai sayar da turaren wuta, ga ta da filas a cinya. Da ta ji sana'ata sai ta tsiyaya mini a murfi ta ce in faɗi abin da ke ciki. Na kurɓa na ce, "Kirfa, na'a-na'a, busasshen lemon tsami, da kimba 'yar kaɗan. Amma Hajiya, kin bar ganyen ya daɗe a wuta." Ta ce, "Kai, wannan tsoho da fitina kake!" Muka yi ta musu har Daura, ita tana cewa madara ɓata shayi take, ni ina cewa shayin da babu madara ai jiƙo ne, na marasa lafiya. Da za ta sauka ta ƙulla mini kirfa a leda, ta ce in gwada ko Allah zai shirye ni.

Muka wuce Kwangwalam, muka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Barto. Jandarman da ya duba katinmu ya tambayi sana'ata, na ce mai shayi. Ya yi dariya ya ce, "To Baba, ka zo makaranta." Maganar ta ba ni haushi. Don in huce na nufi wani mai tebur a gefen hanya na ce ya haɗa mini. Jama'a, abin da ya miƙo mini! Madarar gwangwani mai kauri ce ya malala har rabin kofi, ya barbaɗa garin kofi, ya tsiyaya ruwan zafi, ya haɗa ni da wani dogon burodi mai tauri kamar taɓarya. Na ce, "Ɗana, ina ganyen?" Ya ce ai haka ake sha. Na ajiye jakata na fara koya masa sana'a tun daga tafasa ruwa. Ina tsakiyar bayanin citta na ji ham, na waiga na ga motarmu ta fara gangarawa, Isyaku ya leƙo da kai yana ihu. Na kwasa da gudu da burodi a hammata, silifas ɗina ya tsinke, haka na shiga ƙasar mutane da takalmi ɗaya.

A Damagaram muka sauka gidan wani abokin cinikin Isyaku, Malam Mamman. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, aka biyo da kilishi. Kilishin nan kam, gaskiya ɗaya ce, sun fi mu. A ƙofar gidan akwai samari sun kewaye wani ɗan murhun waya da gawayi, sun ɗora wata 'yar buta da ba ta fi dunƙulen hannuna ba. Irin wannan zama su fada suke ce masa, kamar majalisa a wurinmu, sai dai mu hira ce ke kawo shayi, su shayi ne ke kawo hira. Suka miƙo mini a finjali, ɗan kofin gilashi, rabinsa ma kumfa. Na ce, "Ina sauran?" Suka fashe da dariya. Na ɗaga na juye gaba ɗaya irin yadda muke yi. Wayyo Allah! Maɗaci ma albarka. Idona ya kawo ruwa, kunnena ya yi ɗumi.

Malam Mamman ya ja ni gefe ya ce, "Baffa, inda za ku ba Damagaram ba ne. Can ba a mayar da finjali, ba a tashi sai an sha na uku, kuma ba a gaggawa." Isyaku ya ɗora da cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Na ce na ji, amma kada wanda ya sa ran zan yabi abin da ba shi da daɗi.

Daga Damagaram bas ta kai mu Tanut, daga nan kuma sai bayan a-kori-kura, mu da jarkoki da buhunan gero da awaki. Bishiya ta yi ta raguwa har ta koma sai ƙaya nan da can. Ni da na saba in na taka ƙafa gonar wani na taka, in na yi tari maƙwabci ya ce sannu, sai ga ƙasa shimfiɗe babu ko kunya ɗaya ta noma. Ina wannan kallo ashe wata akuya ta sami huhun goronmu, ta cinye ganyen gefe ɗaya har ta fara kan 'ya'yan. Na kai mata duka, mai ita ya riƙe hannuna ya ce ai dabba ba ta san na biki ba ne. Sai da Isyaku ya shiga tsakani.

A bakin wata rijiya aka sauke mu, inda Agali ya ce zai tarye mu. Maza ne tsaye, kowa ya naɗe fuska da rawani sai ido. Na hangi wani dogo mai ɗan ɗingishi, na ruga na rungume shi ina cewa, "Agali, ashe rai kan ga rai!" Mutumin ya tsaya ƙiƙam kamar turke. Sai na ji muryar Agali a bayana yana cewa, "Ɗanlami, saki kawuna, ga ni nan." Har yau in Isyaku ya tuna sai ya yi dariya har da hawaye.

An karɓe mu hannu bibbiyu, wannan ba zan ɓoye ba. Aka yanka mana ɗan akuya, aka kawo gurasar da ake gasawa a cikin rairayi mai zafi, da fura wadda aka dama da cuku da dabino. Aka kawo nonon raƙumi. Na kurɓa kaɗan na ajiye, amma Isyaku, don ya nuna shi ɗan gari ne, ya shanye ƙwarya guda. Abin da ya biyo baya ba na teburin shayi ba ne. Ku dai sani a ƙasar da babu bishiya, mai gudawa yana tafiya mai nisa.

Al'adunsu sun ba ni mamaki. Mu mata ke lulluɓi, su maza ke rufe fuska, har shayi ta ƙarƙashin rawani suke kai shi baki in akwai babba a wurin. Matan kuwa fuska a buɗe, suna zaune suna sa baki a magana. Tanti ma na mace ne, in aka yi faɗa namiji ke kwasar takalminsa ya fita. Na ce wa Isyaku da haka ake yi a garinmu, da rabin masu shan shayina a bencina za su riƙa kwana.

Shayinsu kuma aiki ne na mai haƙuri. Koren ganye ake cusawa a 'yar buta, a dafa a kan garwashi, a ɗaga hannu sama a tsiyaya a finjali, a mayar, a sake, har kumfa ta tsaya. Na farko ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi, duk da ganye ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a tambayar kowa yadda yake so. Babba da yaro, mai ciwon ciki da mai lafiya, abin da buta ta bayar shi kowa zai sha. Na koyi kurɓa a hankali, kuma in faɗi gaskiya, na biyun nan ya fara shiga raina.

Amma ba shayi ya kawo ni ba. Duk lokacin da na gyara murya na ce, "Malam Agali, game da abin da ya kawo mu," sai wani ƙaninsa ya miƙo mini finjali. In na shanye na sake ɗauko zancen, sai a tambaye ni farashin gero a Dawanau. Tima kuwa daga nesa kawai na hango ta, ta durƙusa ta gaishe ni ta wuce, ta rame ta yi zuru-zuru. Ga Habibu, duk sanda na hau tudu waya ta kama sai in ga kiransa. Rannan dai haƙurina ya ƙare. Na ja Agali bayan raƙuma na ce, "Kai, ni za ka mayar ɗan iska? Na rufe teburina, na bar bakuna da yunwa, na zo nan ina shan maɗaci safe da yamma. In ba za ka ba mu ba, faɗa mini in kama hanya!"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Ɗanlami, da a hannuna take da tuni na ba ku. Na san Habibu, ita ma yarinyar shi take so. Amma mahaifiyata ce. Ta ce na raba ta da jikarta tun tana goye, sai yanzu Allah ya dawo mata da ita, ba mai sake kai ta inda idonta ba ya kaiwa. Na gaya mata kun zo, ta ce ku sha shayi ku huta."

Ashe duk surutun da nake yi, ba a ƙofar da ta dace nake sallama ba. Na ce ya roƙa mana ita ta ba mu ko da gaisuwa ce.

Da hantsi aka kira mu tantinta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, kowa na kiran ta Anna, wato uwa da yarensu. Tana jin Hausa irin ta cin kasuwa, gajera amma mai kaifi. Muka ajiye goro da atamfa, ko kallon su ba ta yi ba. Isyaku ya buɗe baki ya fara abin da ya iya: Habibu yaro ne mai salla, ga gonar tumatir, ga ɗaki sabo da rufin kwano, ga asibiti kusa, ga ruwa ba a yini ana jan guga. Ta bar shi ya yi har ya gaji, sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Kai ne mai shayin?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"An ce a gabanka ta girma."

"Ƙwarai kuwa."

"To, yaya take shan shayinta?"

Isyaku ya yi caraf ya ce, "Irin naku mana, Inna! Ai jini ba ya ƙarya."

Ta ce, "Ba kai na tambaya ba."

Isyaku ya taka mini yatsa. Na gane abin da yake nufi. In na faɗi gaskiya, kamar na ce wa tsohuwar nan jikarki ta zama tamu, ba taki ba ce, kuma tana iya korar mu a kan haka. Na tuna fuskar Habibu a bakin hanya. Amma ni a rayuwata na yi wa mutane ƙarya a kan abubuwa da dama, ban taɓa yi a kan shayi ba. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, Tima ba ta son irin naku. Tun tana 'yar mitsitsiya in an aiko ta sayen burodi take tsayawa a teburina. Madara take so da yawa, baƙin ganye kaɗan, don ya ba shi launi kawai. Citta a daka, ba gari ba. Sukari ɗan kaɗan. A sheƙa shi har ya kusa hucewa, don ba ta iya shan abu mai zafi. Burodi kuma ba ta son tsakiya, gefen da ya ɗan ƙone take so, ta tsoma ta ci. In kanumfari ya shiga ko ƙwara ɗaya, za ta ce na gode ta ajiye kofin."

Agali ya ja rawaninsa har ya kusa rufe ido. Isyaku ya dafe kai, na ji yana salati ƙasa-ƙasa.

Anna ta ce, "Shi yaron ya san wannan?"

Na ce, "Zancen kanumfarin ma shi ya fara lura, ba ni ba. Ni ina ta faɗa wai tana mini asarar madara, shi ya ce, Baffa, cire kanumfari ka gani."

Anna ta ce, "Haɗa."

Mai shayi ba ya tafiya babu kayan aiki. A ƙasan jakata akwai ƙullin baƙin ganye da citta, na ɓoye su ne don kada a ce na raina na masu gida. Aka tatso nonon akuya, aka ba ni wata tukunya da kofunan silba biyu. Na durƙusa gaban garwashi na dafa, na tace da gefen sabon hankici, na ɗaga hannu na sheƙa shi yadda na saba. Burodi babu, sai na ɓallo gefen gurasarsu inda wuta ta ɗan ci. Wata mata ta karɓa ta kai bayan tabarmar da ta raba tantin. Ashe duk abin da ake yi Tima tana nan zaune tana ji.

Can muka ji ƙarar kurɓa, da wata 'yar shessheƙa. Ba a daɗe ba aka dawo da kofin. Anna ta karɓa, ta leƙa ciki, ta kifa shi a tafin hannunta. Ko ɗigo bai sauko ba.

Ta ce, "Tun da aka kawo ta, kullum na ba ta finjali sai ta ce za ta sha a waje. Kullum kuma sai in ga rairayin bayan tanti a jiƙe. Tana tsammanin tsufa ya cinye mini ido. Na yi ta ce wa kaina za ta saba." Ta ajiye kofin ta dubi Isyaku. "Kai mai gona da kwano, da shi ma ya ce irin namu take sha, da yau kun kwana a Tanut. Ba zan ba da ita ga mutanen da ba su taɓa kallon ta ba." Ta juya ga Agali ta yi masa magana da yarensu, sannan ta ce mana, "In kun gama girbi ku zo ku ɗauke ta."

Isyaku ya fara zuba godiya da addu'a, ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, burina kawai in hau tudu in kira Habibu. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Zauna. Akwai saura a tukunyar?"

Na ce akwai. Ta ce in zuba mata. Na sheƙa na miƙa mata da hannu biyu. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska kamar an ba ta magani, ta ce, "Wannan ai kunun jarirai ne." Agali ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce, "Anna, bar shi, ba dole ba ne." Ta ture hannunsa. Ta sake kurɓa, ta sake, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

Ta ce, "Ƙyale ni in san abin da za ta riƙa sha da safe a inda ba na ganin ta."

Ta shanye shi tas ta miƙo mini kofin. Na karɓa na fita waje na wanke, na daɗe a tsugune kafin in iya komawa ciki.